Takalmi-Ɗaya da Firizar Auta

Duk unguwar ba wanda bai san mai gyaran firij ɗin nan da ake kira Takalmi-Ɗaya ba. Yadda yake aiki ne ya jawo masa sunan. Da zarar ya kunna injin da ke zuƙe iska daga bututun firij, sai ya tuɓe takalmin dama, ya ɗora tafin ƙafarsa a jikin injin, hannunsa a kan bawul, wato makullin bututun, ya zauna kamar an dasa shi. Tun yana saurayi ƙarar injuna a kamfanin ƙanƙara ta cinye masa ji. Mutane suka ce ya haƙura da sana'ar. Shi kuwa sai ya mayar da ƙafarsa kunne.

Ƙanwarsa, autar gidansu, ba ta taɓa ganin aikin da idonta ba sai ranar da firizarta ta mutu. Firizar nan ita ce marigayi mijinta ya bar mata, da ƙanƙarar da take sayarwa take riƙe marayunta. Ya zo da hantsi ya sauya mata kwamfiresa, injin da ke kawo sanyin, ya liƙe bututu, ya haɗa tiyo da gejin awon iska, ya kunna injin a ɗan ɗakin da ke jikin kicin.

"Yaya, ga abinci!" ta faɗa da ƙarfi, daidai kunnensa.

"Ajiye, Auta."

"Zai huce fa. Injin ne zai gudu in ka tashi?"

"Shi ba ya gudu. Wuta ce mai gudu."

"Au, wannan kam ka ji! Ashe kurumtar taka tana zaɓe."

Ya yi murmushi, ya nuna firizar da haɓa. "Yanzu cikinta ba komai, kuma wurin da ba komai mayunwaci ne. In aka ɗauke wuta bawul na buɗe, juyowa za ta yi ta zuƙe man injin nan cikin bututunta. Ya shiga kuwa, sabuwar kwamfiresar ta tashi aiki."

Auta ta dubi firizar. Ta san ba ta da halin sayen wata.

Can sai mai niƙa na maƙwabta ya tayar da injinsa na dizal, ƙara ta cika gidan, ko ita mai lafiyayyen kunne ta daina jin na yayanta. Ga rana tsaka, ba ƙwan lantarkin da ke a kunne balle a ga ya mutu. Ta leƙa ɗakin. Ya jingina kansa da bango, idanunsa a rufe, baki a ɗan buɗe. Barci ya sace tsohon nan, ta ce a ranta, yau na shiga uku.

Ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa ke nan, sai ta ga yatsunsa sun murɗe bawul, ƙyat, idon bai ko buɗe ba. Ta waiga. Ta ƙofar falo ta hango fanka tana rage gudu, tana rage gudu, har ta tsaya. Tsigar jikinta ta tashi. Kafin fanka ta san an ɗauke wuta, ƙafar yayanta ta riga ta sani.

Sai a lokacin ya buɗe ido. Ya kashe makunnin injin, ya sassauta tiyon da ke jikinsa, ya ce ta matso ta dubi allurar geji.

"In ta hau, akwai inda ke yoyo. In ta tsaya, ki gode Allah."

Suka zuba mata ido, shi da ita, har mai niƙa ya gama ya kashe nasa. Allura ko gezau.

"Kin gani? Masu wuta sun yi mana gwaji kyauta."

Da aka kawo wuta bai yi gaggawa ba. Ya ɗaure tiyo, ya tayar da injin, ya bar shi ya kama zuƙa sosai, sannan ya buɗe bawul a hankali. Da iska ta gama fita ya ɗura gas. Kafin la'asar Auta ta ɗora tafinta a cikin firizar, sanyi ya cije ta.

Ta juyo wajen yayanta. Ta sunkuya ta ɗauki takalmin nan guda, ta goge shi da bakin zanenta, ta ajiye a gabansa da hannu biyu.

Ya dube ta, ya zura ƙafa. "To, Auta, ina abincin nawa?"

"Ya huce, Yaya."

Wannan kam, ya ce, bai ji ba.