Jarkar Sale a Agadas

Litinin: Gwangwan zuwa Damagaram

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame sallar asuba, na hau babur zuwa Rogo. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu dangi suka naɗa jakada, wai na iya karanta allon hanya. Aikina ɗaya ne, in gano ko taubashina Sale yana raye. Wata tara da tafiyarsa Libiya aikin gini, matarsa Hajara tana zaune, ba aure ba takaba.

A Karaye na ci ƙosai a gindin tsamiyar da muke sauke buhunan masara ni da shi. Kullum shi ke wafce na ƙarshe, wai haƙƙin taubashi ne.

Kano ƙarfe goma, iyaka da la'asar. Jandarma ya juya katina ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Na ce, "Biko."

"Amarya ce ta gudu?"

"Ƙato ne, har da gemu."

Ya yi dariya ya ɗaga ƙarfen shinge.

Talata da Laraba: Agadas

Wuni guda cur a mota, ba abin kallo sai rairayi. Na kwana a tasha. Da hantsi ina cigiyar Sale, wani direba ya kai ni bayan gareji, inda aka jibge jarkokin ruwa da aka kwaso daga wata mota da ta lalace a sahara.

Ya ce, "Mutanenta can muka binne su, Malam. Duba suna."

Kowace jarka an ɗinke ta da buhu, mai ita ya rubuta sunansa. Na gyara tabarau, na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar sufeton makaranta. Babu Sale. Har na fara hamdala, sai na tuna mutumina bai taɓa rubuta sunansa ba.

Na koma kan marasa suna. Ga ta can a gefe: ƙafar kaza da ɗigo biyu, alamar da yake yi wa buhunan masararsa. Ni na zana masa ita tun muna samari, don tsokanar siraran ƙafafunsa.

Juma'a: gida

Ƙarfe huɗu na shiga Gwangwan da jarkar a hannu. Hajara ta dubi alamar, ta shige ɗaki ta fara takaba. Muka yi masa sallar ga'ibi.

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni, da direban da ya adana jarkar. A Karaye dai, a hanyar dawowa, na sake sayen ƙosai. Na ƙarshen ya daɗe a faranti.