Ƙonannen Kek na Ƙaramar Salla

A gidanmu na Daura, duk abin da na soya don Salla ba ni ke ci ba. Uwar mijina, Inna, ita ke zama gaban kwanoni tana rabo: wannan gidan liman, wannan Sandamu wajen 'yarta, wannan Zango. Ni sai dai lasar yatsa.

A shekarun da kuɗin fetur ya cika kantuna da gwangwanaye, maƙwabciyata, matar mai sayar da kayan gyaran mota, ta rubuta mini yadda take yin kek na cakulan da Kirsimeti. Lokacin ina zuwa yaƙi da jahilci, sai da na kwana uku ina haɗa baƙi kafin na gane takardar. Fulawa, sukari, ƙwai, garin cakulan na shayi. Ba ni da bota, na sa man shanu.

Ranar ƙaramar Salla, maza sun tafi Idi, na zuba yashi a tukunya, na ɗora kwanon kwaɓin a kai, na rufe, na jera garwashi a murfi. Ya fito baƙi wuluk, bai tashi ba, samansa duk ya tsattsage. Na gutsuri gefe na sa a baki. Don daɗi, sai da na nemi wuri na zauna. Nan take na ƙudurta wannan kam ba zai ga Zango ba.

Inna ta leƙo. "Subhanallahi! 'Yar nan, me kika ƙona mana?"

Na sunkuyar da kai. "Wuta ce ta yi yawa, Inna."

"Kada ki kuskura ya fita gidan nan, a yi da mu a gari. Je ki ba awaki."

Na ce to. Na bi ta gaban awakin, na wuce ɗakina.

Bayan azahar ina bayan ƙofa, baki cike, sai ga Inna ta ɗaga labule.

"Au, ke ce akuyar?"

Na yi sauri na haɗiye. Ta miƙo hannu, na ba ta ɗan kaɗan. Haƙoranta sun ƙare, ga abu da laushi. Ta daɗe tana mamula, ido a lumshe.

"Ya ƙone ƙwarai," in ji ta. "Bai kamata baƙo ya gani ba. Saki labulen nan, ki matso da kwanon."