Injin Waldar da Injiniya Ya Ɓoye wa Kotu

Rigimar farko da unguwa ta san Injiniya da ita, a kan gado aka yi ta. Shekararsa biyu da aure ya ce shi matarsa ba za ta ci gaba da kwana a gadon katako ba, alhali mijinta mai walda ne. Ya kwashe sati guda a tsakar gida yana ƙera gadon ƙarfe, da furanni, da wani tsuntsu a saman kai wanda ya ce ɗawisu ne, ko da yake duk wanda ya gani agwagwa yake cewa. Matar ta miƙo masa tef ta ce ya auna ƙofar ɗakin.

Ya ce, "Ajiye abinki. Idona ya fi tef."

Ranar shigarwa, ƙarti huɗu suka ɗauka, gado ya ce bai san zancen ba. Aka karkata shi, aka miƙar da shi tsaye, aka cire ƙyauren ɗaki. Ina!

Injiniya ya share gumi ya ce, "Maginin nan ne bai iya aiki ba. Ƙofar ce ta yi ƙanƙanta."

Matar ta ce, "Ai ƙofar ta riga gadon zuwa, Malam."

"Ke me kika sani a harkar ƙarfe?"

"Ban san komai ba. Ni dai ina shiga ɗakin ina fita, ba a taɓa karkata ni ba. Kai da agwagwarka sai ku kwana a waje."

A gaban maƙwabta ya raba gadon biyu, ya shigar, ya sake haɗa shi a ciki. Har yau yana nan, kuma ba zai fito ba sai an rushe ɗakin.

Ba wata makaranta da ta ba shi sunan Injiniya. Shi ya rubuta abinsa da jan fenti a allon shagonsa, can ƙarshen unguwa inda motar haya ke juyawa ta koma cikin gari. Unguwa ce ta ma'aikata, masu fita da sassafe su dawo a gajiye, kowa na son ƙyauren gidansa ya fi na maƙwabcinsa tsawo da taku ɗaya. Kuma a faɗi gaskiya, mutumin ya iya aiki. Ƙyauren da ya haɗa, mota ta buge shi sai dai a kai motar gareji. Yana da injin walda babba mai janareto a jiki, wanda ya yi shekara tara yana tara kuɗinsa. Kullum da safe sai ya goge shi da tsumma kafin ya wanke fuskarsa. Aibinsa guda ne: a duniya ba ya tambaya.

Wani ɗan kwangila mai ƙamshin turare ya zo ya ce yana gina gidaje arba'in, yana son ƙyaure da ƙarafan taga na kowanne. Injiniya ya je ƙaramin banki ya ci bashin kuɗin ƙarfe. Takardar shafi tara ce, ya buɗe na ƙarshe ya sa hannu. Ya gama ƙyaure goma sha ɗaya, wayar ɗan kwangila ta daina shiga. Gidajen suna nan ba rufi, ciyawa na leƙowa ta tagogi.

Banki ya rubuto sau uku, yana cewa ya zo a zauna a sake tsara biyan. Wasiƙa ta farko ya naɗe kusoshi da ita. Ta biyu ya ninke ta ya tokare ƙafar teburinsa da ke rawa. Ta uku iska ce ta karanta. Da sammaci ya zo, ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai tsaya gaban alƙali. To, alƙali kuwa ba ya jiran wanda ke fushi. Aka yi shari'a da kujerarsa, kujera ba ta ce komai ba, aka ba banki gaskiya.

A shagon aski ya ji sauran karatun. Mai askin, wanda duk iliminsa na shari'a daga kawunan mutane ya tsinto shi, yana cewa in masu kotu suka zo har cokali sai sun ƙirga, kuma mai wayo shi ne wanda ya maida kayansa sunan wani kafin su iso. Injiniya ya miƙe. Ya biya kuɗin aski ya wuce kai tsaye wurin yayan matarsa, mai sayar da siminti a bakin titi.

Mai Siminti mutum ne mai sanyin murya, irin wanda in yana cutar ka sai ka ji kamar jaje yake maka. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce, "Haba, ƙanena, ai don irin wannan rana ake zumunci. Kawo injin. Amma mutanen kotu ba su yarda da fatar baki. Mu rubuta cewa ka sayar min, ka karɓi kuɗinka cif, shaidu biyu su sa hannu. Don a rufe musu baki ne kawai."

Matar ta tare shi a ƙofar gida ta ce, "Malam, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa nake ce maka ka tambayi wanda ya sani. An ce akwai ofishin lauyoyi na kyauta a saman kantin magani."

"Kyauta? Abin kyauta ai ba ya da kyau. Idona ya fi lauya."

Ta ce, "Haka ya fi tef."

Masu kotu suka zo wata Talata da hantsi, da buɗaɗɗiyar mota. Suka ɗauki talabijin, da kujerun falo, da babur. Shugabansu, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, yana rubuta kowane abu. Ya leƙa ɗaki ya ga gado ya ce, "Wannan ba ma taɓawa. Ko da ma muna taɓawa, ta ina zai fito?" Daga nan suka je shago. Injiniya na tsaye yana murmushin wanda ya yi wa gwamnati wayo.

Dattijon ya dubi tabon mai a ƙasa, inda inji ya daɗe yana zaune, ya ce, "Ina kayan sana'ar?"

"Na sayar."

"Kash! Ai da ka bar abinka. Mu ba ma ɗaukar abin da mutum ke neman abinci da shi. Doka ta hana. In mun ɗauke, da me zai biya?"

Ya ba shi takardar abin da suka ɗauka, ya ce Allah ya kawo sauƙi, suka tafi. Murmushin nan dai sai da ya ɗauki lokaci kafin ya san inda zai sauka.

Washegari matar ta tasa shi gaba har saman kantin magani. Ɗaki ne ƙarami, da benci, da fanka mai kuka. Lauyar yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta karanta shafi taran nan duka, abin da shi bai taɓa yi ba.

Ta ce, "Baba, ba ka ma jinginar da injin ba. Da ka zo da wasiƙar farko, da mun zauna da banki an tsawaita maka lokaci. Da ka zo da sammacin, da mun nuna wa alƙali kuɗin ruwan da suka ɗora ya wuce yarjejeniya. Yanzu ma ba a makara duka ba. Zan roƙi kotu ta yanka maka biya kaɗan-kaɗan duk wata, daidai ƙarfinka. Amma da me za ka yi aikin?"

Ya ba ta labarin takardar sayarwa, yana kallon fanka.

Ta ajiye biro ta ce, "To ka ɗaure kanka da igiya biyu. In ka ce wa kotu sayarwar gaskiya ce, inji ba naka ba ne, kuma za a tambaye ka ina kuɗin. In ka ce ƙarya ce, ka faɗa da bakinka cewa ka ɓoye wa kotu dukiya. Ana iya yin ƙarar, amma sai ka fara tona kanka. Ka je ka roƙe shi tukuna. Ai ɗan'uwa ne."

Yarinya ce, a yi mata uzuri.

Kotu ta yarda da biyan wata-wata. Mai Siminti kuwa ya ce a bari ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, damina ta zo ta wuce, inji yana wurin gine-gine yana aikin haya, kuɗin na shiga aljihun zumunci. Injiniya, mai allo da jan fenti, ya koma aikin yini a shagon wani mai walda da a da yake cewa ko gwangwani bai iya liƙewa ba. Daga nan yake biyan banki. Injin bai dawo ba har yau, kuma Injiniya ya ce ba zai tsaya gaban alƙali ya kira kansa maƙaryaci ba.

Zama na ƙarshe a falon Mai Siminti aka yi shi, matar na zaune tsakanin mijinta da yayanta, ta rasa wanda za ta kalla. Mai Siminti ya ce shi ba mugu ba ne, zai ba ƙanensa hayar injin a farashin gida. Injiniya ya ce hayar abinsa? Murya ta fara tashi. Mai Siminti ya ɗauko takarda daga aljihu, an ma sa mata leda.

"Sa hannun wa ke nan? Ni na kira ka? Kai ka zo kana rawar jiki, na rufa maka asiri. Da ba don ni ba, da baƙi sun wulaƙanta ka a gaban 'ya'yanka. Wannan ce godiyar?"

Injiniya ya tashi ya sa takalminsa. Ya tsaya a bakin ƙyauren da shi ya ƙera wa gidan kyauta, ya juyo.

"Yaya, baƙin nan sau uku suka rubuto min kafin su zo. Da suka zo, sun ba ni takardar abin da suka ɗauka, sun ce ba sa taɓa abincin mutum. Su ko sunan 'ya'yana ba su sani ba. Kai ka sani."