Ɗakin da Na Kasa Kwancewa

Jirgin Baba muka ba da jingina, kuma ni na sa aka ba da shi. Gara in faɗi wannan tun farko, domin duk lokacin da na ba da labarin nan da baki sai in tarar na ɗora wa Kawu fiye da rabonsa.

A lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato. Na gama aji bakwai da daɗewa, ban samu wucewa gaba ba, ina zama a rumfar Kawu, ƙanen Inna, wanda yake kafinta a Yelwa. Hannuna bai faɗa da zarto ba, saboda haka aka bar mini littafi da biro. Kawu yana kirana akawu, rabi wasa rabi gaske.

Kawu ya taɓa aiki da wani kamfanin hanya, inda ya ga ɗakunan leburori da ake kwancewa a loda a mota. Tun daga nan abin ya zauna masa a rai, yana cewa masunta ne suka fi kowa buƙatar irinsa. Mutanen tunga, wato zangon masunta, ruwa suke bi. In tabkin madatsar ruwa ya janye su bi shi, in ya ciko su gudu tudu, kowace shekara bukka biyu, ga gobarar da wutar banda ke jawowa. Ɗakin da Kawu ya tsara bango huɗu ne na katako da kwano, rufi falle biyu, ƙofa ɗaya, taga ɗaya, noti ashirin da huɗu. Kawunan notin duk a waje suke, mutum biyu da sifana za su kwance shi tsakanin hantsi da azahar. Mutane suka sa masa suna tafi-da-gidanka.

Abin da babu shi ne jari. Wani Alhaji mai sayar da kwano ya yarda ya ba mu kaya bashi, amma sai da jingina, kuma a danginmu babu abin da ya kai jingina sai jirgin Baba. Jirgin katako ne mai inji, da shi yake fito zuwa kasuwannin bakin ruwa, da shi muke ci. Shekara tara ya yi yana tara kuɗin injin nan.

Na zauna na yi lissafi a takarda: kuɗin kwano, katako, noti, fenti, dako, da abin da zai rage a kan kowane ɗaki. Sau uku na maimaita, domin ni mutum ne da ko ƙofa na kulle sai na dawo na taɓa kwaɗon. Na karanta wa Baba, shi da bai yi boko ba. Ya saurara har ƙarshe, ya yi tambaya guda, ya ce in masuntan ba su biya ba fa?

Na ce, "Sai mu kwance ɗakinmu, Baba. Ai amfaninsa ke nan."

Ya dube ni, ya ce to. Washegari aka yi takarda a gaban shaidu: in wa'adi ya cika ba mu cika kuɗi ba, jirgi da inji sun zama na Alhaji.

Ɗaki goma sha huɗu muka yi, kuma duk sun shiga. Wannan ne ya ruɗe mu. Uku kaɗai aka biya lakadan, sauran kafin alƙalami aka ba da, cikon sai kifi ya samu. A littafina riba ce tun daga sama har ƙasa, a gwangwanin da Kawu ke ajiye kuɗi kuwa ana ganin gindi. Ana cikin haka farashin kwano ya tashi. Ya zamana in aka biya mu ɗaki guda cif, kuɗin ba zai sayi kayan wani ɗakin ba. Na gane wannan tun kafin Kawu, na yi mako biyu ina juya yadda zan gaya masa.

Sai kuma abin da ban sa a lissafi ba: ɗakin da mu za mu iya kwancewa, mai shi ma zai iya. Ka je tunga karɓar ciko, ka tarar da ramukan dirka huɗu da toka, a ce ai sun tashi, sun haye ƙetare, ko sun gangara can ƙasa wajen madatsa. Kowane bango na rubuta masa lamba da jan fenti. Na ga lamba shida a jikin wata rumfar mai shayi a kasuwar Wara, mai rumfar ya rantse saye ya yi. Na ga katakon lamba tara an yi facin kwalekwale da shi. Wasu kuma ba gudu suka yi ba, kifin ne bai samu ba, suna zaune cikin ɗakin suna ba ka haƙuri da ruwan sha.

Da haka dai, a tsince a tsince, muka rage bashin Alhaji. Ya ƙara mana wa'adi sau ɗaya, ya ce babu na biyu. Saura wata biyu, abin da ya rage kusan kuɗin ɗaki guda ne. Sai ga wani mai sayen shinkafa daga Shanga yana neman ɗakin ajiya, zai biya lakadan, amma yana so kafin ruwa ya yi ƙarfi. Ba mu da kwanon yin sabo. Na buɗe littafi na duba: lamba goma sha ɗaya, a wata tunga ta ƙasar Ngaski, wani masunci ne ya karɓa wata bakwai da suka wuce, ban da kafin alƙalami bai ƙara ko kwabo ba. Ɗakin namu ne a kowace fuska. Na sake lissafi, ya fita daidai, har da ɗan canji. Kawu ya miƙa mini sifana biyu, ya ce tunda bakina ya faɗa, hannuna ya cika.

Baba da kansa ya kai ni. Farkon damina ne, ruwa ya janye sosai, tungar tana can ƙasa a kan laka busasshiya. Tun daga nesa na hango kwanon yana walƙiya a tsakiyar bukkoki. Baba ya zauna a jirgi ya ce shi ba ya shiga maganar. Na hau tudu da sifana a aljihu.

Mai tunga, wani dattijo mai ido ɗaya, ya tarbe ni a gindin rumfar banda. Da na faɗi wanda nake nema sai ya sa aka kawo mini tabarma. Ya ce kwana tara ke nan iskar farkon damina ta kife da kwalekwalen masuncin a tsakiyar tabki, sai a rana ta uku aka tsinci gawar. Matarsa tana cikin ɗakin, ta shiga takaba.

Na yi ta'aziyya yadda ya kamata. Amma Allah ya sani, bakina yana addu'a, kaina yana ƙirga. Wata huɗu da kwana goma, a cire tara. Wa'adinmu wata biyu. Har yau ina jin kunyar wannan ƙirgar.

Na gaya wa mai tunga gaskiya, har da maganar jirgin, na nuna masa shi a bakin ruwa. Bai yi mini gardama ba. Ya ce ya san da bashin, mamacin ma ya sha faɗa, kuma abin da ya bari raga ce da ta tafi tare da shi. Ya ce a tungarsu mace ba ta barin ɗakin da miji ya bar ta a ciki sai ta fita takaba, haka suka gada, amma ɗaki nawa ne.

"Ga shi can, ɗana. Ba wanda za ya riƙe maka hannu. Ba kuwa wanda za ya kama maka."

Na tafi har jikin ɗakin. An kewaye ƙofar da zana. Lambata tana nan da jan fenti, da rubutun hannuna. Na zagaya ta baya, na sa sifana a kan noti na farko, don in ji ko ya yi tsatsa ne kawai, haka na gaya wa kaina. Ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kwanon ya amsa. Sai na ji motsi a ciki, aka yi magana daga bayan bangon, murya ƙasa ƙasa, babu kuka a cikinta.

"Mai ɗaki ne?"

Na ce ni ne.

"Da rufi za ka fara ko da bango? In sani, in kawar da tukwanena."

Ban taɓa ganin fuskarta ba, har yau. Na tsaya da sifana a kan notin. Mata biyu masu kamfatar ƙananan kifi a rariya suka daina, suna kallona. Na zare sifanar na ce ba komai, na zo duba ko yana yoyo ne. Ta ce ba ya yoyo.

Da na sauko babu ko falle ɗaya, Baba bai tambaye ni ba, domin yaran tunga sun riga sun gaya masa. Ya ja igiyar inji. Har muka iso kwatar Yelwa abin da ya ce kawai shi ne in matsa tsakiya, jirgi ya karkata.

Kawu kuwa ya yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ya ce wanda ya ƙirga noti ashirin da huɗu ya kasa kwance ɗaya. Ya ce a yi mata bukka mana, ciyawa ta ƙare a duniya ne? Ya ce tausayin da zai ci jirgin ubanka ba tausayi ba ne, wauta ce da rawani. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan. Muka je wurin wani malami a unguwarmu, ya ce bashi yana gaba da gado, wannan babu shakka, ya kuma ce mai takaba tana da hakkin mazauni, wannan ma babu shakka. Muka fito kamar yadda muka shiga.

Ranar kasuwa ta gaba Kawu ya ɗauki sifanar ya tafi da kansa, yana cewa zai nuna mini yadda maza ke aiki. Ya dawo da la'asar da ƙullin busasshen kifi, ya ajiye wa Inna, ya rataye sifanar a ƙusa. Ko falle ɗaya na kwano bai zo da shi ba. Daga ranar bai sake kirana akawu ba.

Mai shinkafar Shanga ya jira mako uku, ya sa aka yi masa na ƙasa. Na bi sauran masu cikonmu tunga tunga, ƙafata ta yi kanta, abin da na haɗa bai kai rabi ba. Kawu ya sayar da bencinsa da manyan zartunansa. Inna ta fito da tasoshinta na aure. Na kai wa Alhaji duka, na roƙe shi wata biyu da rabi, na ce ranar da matar ta fita ɗakin nasa ne. Ya ce shi ma wasu ke binsa a Kano, kuma kwanon da ya sha hayaƙin banda shekara guda ba kwano ba ne. Ba zan ce ya zalunce mu ba. Takarda ce, kuma ni na rubuta ta da hannuna, har na gyara wani harafi da ya karkace. Ya mayar mini da kuɗin da na kawo, ya ce Inna ta zo ta kwashe tasoshinta, jirgin yake so.

Ranar da wa'adi ya cika, Baba ya yi sammako ya wanke jirgin ciki da waje, ya kwarfe ruwan gindinsa, ya goge injin da tsumma. Ya gaya wa wanda aka aiko karɓa cewa injin ba ya son a matsa masa da sanyin safiya, a bar shi ya ɗan yi zafi. Ya cire tabarmar sallarsa da butarsa, ya hau tudu. Na bi bayansa ina so in ce wani abu. Ya juyo ya ce in je in taya Inna ɗaukar tasoshinta, kada a gan ta da su a hanya.

Na ci gaba da ƙirga kwanakin takabar, ko da yake ba su da sauran amfani. Mako guda bayan sun cika na shiga jirgin haya na tafi. Ruwa ya ciko, inda tungar take a da ya zama tabki, sun koma tudu. Mai tunga ya kai ni bayan rumfarsa. Ga ɗakin a kwance, bango kan bango, rufi a sama, an ɗaure da igiyar raga, an ɗora a kan duwatsu don kada gara ta taɓa. Ya ce ruwa ya kai dokin ƙofa kwana shida kafin ta fita, ta ƙi motsawa, ta ɗora gadonta a kan turame. Da ta fita ta sa 'yan'uwanta suka kwance, ta bi su garinsu. Ya miƙo mini gwangwanin madara da notin a ciki, ya ce ta ce a ba mai duba yoyo.

Na ƙirga a gabansa. Ashirin da uku. Na sake ƙirgawa, na zazzage a tabarma na ƙirga na uku. Ya ce ɗaya ya faɗa ruwa, sun lalube ba su samu ba, in yafe.

Kwanon muka sayar falle falle, a rabin kuɗi. Rumfar Kawu ba ta sake yin ɗaki ba, ya koma gyaran kujeru da akwatunan amare. Baba ya koma fito da kwalekwalen aro da filafili, yana da shekara sittin da wani abu, yana raba abin da ya samu da mai kwalekwalen. Jirginsa kuwa yana nan a kwata, an sake masa fenti, kullum sai ya wuce shi. In ya ji an tayar da injin da garaje da safe, sai ya tsaya da tuƙi har ƙarar ta daidaita.

Shekara shida ya yi a haka kafin kafaɗarsa ta ƙi. Ban taɓa jin ya ce na yi daidai ba, ban taɓa jin ya ce na yi kuskure ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba har aka binne shi. Duk daminar da ta zo nakan sake lissafin: da na kwance, da an yi mata bukka kafin magariba, da wuni ɗaya ne na baƙin jini. Lissafin yana fita daidai kowace shekara, kamar yadda na farkon ya fita.