Baba Albasa da Rigunansa Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ke nan Baba Albasa yana buɗe wa gari ruwa. Aikin ba shi da wani kwarjini. Babban tanki yana can saman tudu a bayan gari, shi kuma nasa shi ne ya isa kafin fitowar rana, ya murɗa manyan ƙarafa uku, ya duba allurar awo, ya kasa kunne ko akwai bututun da ke yoyo. Ranar da ya makara famfo yakan yi shiru a gidaje, mata su tsaya da bokiti suna faɗa da mutumin da ba su taɓa gani ba. Bai cika makara ba.

Duk shekarun nan a kan keke ɗaya ya yi su, wani baƙi mai kariyar ɗaukar kaya a baya, wanda aka sake masa komai in ban da ƙarfen jikinsa da ƙararrawa. Shi yake wanke shi, shi yake ɗiga wa sarƙa mai. A falo keken yake kwana, kusa da kujerar baƙi.

Mai gadin tanki ne ya raɗa masa sunan. Da sanyi ya shigo, sai Baba ya riƙa isowa ƙofa a kumbure kamar buhun auduga, gwiwa da ƙyar take lanƙwasuwa, hannu ba ya kaiwa birki sai da dabara. Yana jingine keke sai ya fara ɓare kansa: kwat, rigar ruwa, suwaita, wata suwaitar, rigar aiki, riga mai dogon hannu, can ƙarshe singileti ya manne a fata sharkaf. Mai gadi yakan gyara zama a benci yana kallo, ya ce shi dai bai taɓa ganin albasa a kan keke ba sai wannan, kuma kamar ta gaske, idan aka kai ɓawon ƙarshe har idon na kusa sai ya kawo ruwa.

A ganin Baba sanyi abokin gaba ne, da yawan runduna ake tare shi. Da riga uku ya fara aikin. Duk shekarar da tari ya kama shi sai ya ce kaya ne suka yi kaɗan, ya ƙara ɗaya. A haka aka kai bakwai, tarin kuma bai taɓa saɓa alkawari ba.

Bara abin ya wuce tari, ya sauka a haƙarƙari. Kwana tara ya yi a gadon asibitin da babbar 'yarsa take aikin jinya, wadda yake kira Likita don tsokana. Ranar da aka sallame shi ba ta yi dogon jawabi ba. Ta sayo kwaɗo mai nauyi, ta kafa ƙusa a bangon falo daidai saman keken, ta rataye kwaɗon a jikinta.

"Baba, tari ɗaya zan ji a sanyi mai zuwa," in ji ta. "Ɗaya. In datse keken nan, mijina ya riƙa kai ka a babur."

Saura shekara biyu ya ajiye aiki, kuma a kan kekensa yake so ya ƙarasa su. Ya yi ta hasko kansa a bayan surukinsa, ya rungumo ƙugun yaron da ke durƙusa masa, ana ratsa gari da shi kamar kayan aike, ga mai gadi yana jira a benci. Ya gwammace gadon asibiti.

Saboda haka da sanyin bana ya kawo kai, Baba ya yi shiri irin nasa. Ya shiga kasuwar gwanjo ya sayo riga ta takwas, wata jibgegiyar kwat mai gashi a wuya. Kwana uku ya yi yana hawan tudu a cikinta. A rana ta huɗu ya shige banɗaki ya buɗe famfo har ƙarshe, don ƙarar ruwan da shi ya buɗe wa gari ta rufe tarinsa.

Matarsa tana tsakar gida ta ji. Ita ba mai yawan magana ba ce, shekara talatin da ɗaya tana wanke rigunan nan tana shanyawa ba ta ce komai ba. Da ya fito yana gyaran murya kamar ba abin da ya faru, ta ɗauko singiletin da ya tuɓe, ta jawo kofin shayinsa, ta matse a ciki. Ruwa ya kai rabi. Ta ajiye a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Tsarabarka ce daga tudu, Malam. Kullum da ita kake dawowa."

Ya ce gumi ne, gumi kuwa shaidar jiki ya ji ɗumi. Ta ce ɗumin na hawa ne kawai. Ta ce ya tuna mana: idan ya isa sama ya tsaya a gefen tanki iska tana kaɗawa, wace riga ce a fatarsa? Idan ya mayar da jiƙaƙƙun kayan ya gangaro ba ya ko taka feda, me yake ji a ƙirji? Baba ya ce ita ba ta taɓa hawa keke ba, ina za ta san wannan. Ta ce gaskiya ne, amma ta san igiyar shanya. Singiletin auduga shi ne yake ƙarshen bushewa. Rigar ƙwallon da ɗansu ya bari da ya koma wani gari aiki kuwa, kafin ta gama shanya sauran kaya ta bushe.

"Likita tana zuwa ran Asabar," ta ƙara, ta kwashe kofin.

Baba ya kwana da niyyar ƙara ta tara.

Da asuba ya miƙa hannu kan kujerar da yake tara kayansa, ya ji wayam. Ya kunna fitila. Riga uku ce kawai a ninke: rigar ƙwallon nan mai santsi, da lamba tara ɓaro-ɓaro a baya, sai suwaitarsa ta ulu, sai wata siririyar jaket mai tare iska wadda zif ɗinta ya daɗe da mutuwa, yanzu ga sabo an ɗinka mata. A gefe ga safar hannu, ga hula mai rufe kunne, ga tsohuwar jarida, ga busasshiyar riga a cikin leda.

Ya leƙa tsakar gida. Sauran kayan duka suna cikin baho, an jiƙa su da sabulu, kwat mai gashi tana iyo a sama kamar mushen tunkiya.

Ya faɗi maganganu da dama. Ya ce kashe shi ake son yi, ya ce ai tsirara ke nan, ya ce mutum mai shekarunsa da lamba a baya. Matar tana hura wuta ba ta juyo ba. Sai da ya numfasa ta ce agogo dai yana tafiya, gari kuma yana jiran ruwa.

Ya saka. Mai santsin a fata, ulun a kanta, jaket a waje. Yana fito da keke ƙofar gida sanyi ya mare shi, haƙoransa suka fara kaɗawa.

"Ina jin sanyi," ya ce, kamar mai kai ƙara.

"Haka ake so. In ka fita ba ka ji ba, kayan sun yi yawa. Kafin ka kai gada za ka ɗumama. In ka fara hawa, ja zif ƙasa. Jaridar ta dawowa ce, ka shimfiɗa a ƙirji."

Ya taka feda da fushi. Ya wuce shagunan da ba a buɗe ba, ya wuce tashar mota, yana tsara abin da zai gaya wa Likita a kan uwarta. A kwanar makaranta ya lura gwiwarsa tana lanƙwasuwa yadda ta ga dama. Ya waiwaya ya duba mota, wuyan ya juyu, abin da rabonsa da shi a lokacin sanyi har ya manta. Yana hawa gada ya ji ɗumi ya taso daga baya ya bazu. Wannan ya ƙara ba shi haushi.

A tsakiyar tudu, inda ya saba jin gumi yana bin gadon bayansa, ya ja zif ƙasa har cibiya. Iska ta shiga ta fita da zafin. Ya kai ƙofa minti goma kafin lokacinsa.

Mai gadi ya taso da sanda, ya ce ba a shiga sai ma'aikata. Sai da ya matso ya gane keken.

"Albasa? Ina sauranka? Ɓarayi ne suka tare ka a hanya?"

Da Baba ya cire jaket da suwaita don ya sauya riga, lamba tara ta bayyana. Mai gadi ya koma benci ya riƙe ciki, ya tambaya wace ƙungiya ce ta saye shi, kuma da keken ta haɗa ko shi kaɗai. Baba ya shafa rigar. Ɗan damshi ne a tsakiyar baya, shi ke nan. Ya saka busasshiyar, ya mayar da ulun, ya je ya murɗa ƙarafansa. Da zai gangaro ya faki idon mai gadi ya cusa jaridar a ƙirji, ya ja zif har wuya. Iskar gangara ta yi ta dukan takarda ba ta samu hanya ba.

Ya koma gida. Matar ta karɓi rigar ƙwallon ta matse a kan kofin, ko ɗigo. Washegari kayan baho sun bushe an ninke su a kan kujera, gefen ukun nan. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Ukun ya ɗauka.

Ran Asabar Likita ta zo da abin sauraron ƙirji. Ta ɗora a gaba, ta ɗora a baya, ta ce ya ja numfashi. Ta ce akwai ɗan sauran tari amma yana kan tafiya, me ya sha? Baba ya gyara zama ya yi mata darasi. Ya ce mutane ba su gane ba, ba yawan kaya ba ne, tsari ne: mai santsi a fata ta kwashe gumi, ulu ya riƙe ɗumi, ta waje ta tare iska, kuma mutum ya fita yana ɗan jin sanyi. Ya ce ya daɗe yana nazarin abin.

Likita ta kalli uwarta. Uwar tana ninke shanya, ba ta ɗago ba.

Likita ta miƙe ta sauke kwaɗon daga ƙusa. Baba ya dafa sirdin keke. Ta wuce shi, ta kwashi kwat biyun da rigar ruwa da sauran, ta zuba a akwatin ƙarfe, ta datse, ta miƙa wa uwarta makulli.

Sunan dai bai bar shi ba. Mai gadi ya ce albasa ko ƙarama ce albasa ce. Ranar da sanyi ya yi tsanani, Baba yakan tsaya a gaban akwatin yana gyaran murya. Matar takan miƙo masa safa ta biyu, ta nuna masa agogo.