Tashar da Na'Allah Ya Fara

Na'Allah mutumin Tungar Na'iya ne, wani ɗan ƙauye a gaɓar gulbi cikin ƙasar Kebbe. Noma ya gada, amma da jirgi aka san shi. In ruwa ya cika bayan damina, shi da ƙanensa Lauwali sukan loda shinkafa da gyaɗar mutane a jiragensu, su gangara da su har Yawuri, inda manyan jiragen kogin Kwara ke kwashewa zuwa kudu. Na'Allah ba mai surutu ba ne. Lauwali kuwa bakinsa ba ya hutawa, shi ke ciniki, shi ke sa masu dako dariya.

Wurin lodin gangare ne mai laka. Wata shekara Lauwali ya ɗauko buhun gyaɗa, santsi ya kwashe shi, ya faɗa kan gefen jirgi da bayansa. Masu ɗori sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ƙafafun ba su sake ɗaukarsa ba. Matarsa Maimuna ke jan shi a tabarma zuwa inuwa da safe, shi da a da ba ya iya zama wuri ɗaya.

Ana gab da samun mulkin kai, labari ya zo daga Tambuwal cewa gwamnatin Jihar Arewa za ta turo masu duba bakin gulbi, don a san inda ya dace a gina tashar jiragen kayan gona. Lauwali ya ji, fuskarsa ta washe. Ya ce in an gina tasha dole a sa sikeli, kuma mai awo a zaune yake aikinsa.

Wannan magana ce ta shiga ran Na'Allah. Ya yi tunanin in masu dubawa suka tarar an riga an fara aiki, ba za su tsallake ƙauyen ba. Ya sayar da shanunsa na huɗa ya sayi jakuna, ya yi ta jigilar duwatsu duk rani. Ya kira gayya aka sare gangaren, aka jera matakai har bakin ruwa. Lauwali na daga inuwa yana ba da umarni, yana kuma koyon lissafin awo wurin wani tsohon malamin gyaɗa.

Mai dubawar, Malam Abdu, ma'aikaci ne mai natsuwa. Ya kwana a ƙauyen, ya shiga jirgin Na'Allah yana auna zurfin ruwa da gora, ya tambayi tsofaffi yadda gulbin ke yi a bazara. Ya taka matakan ya yaba aikin. Da zai tafi ya ja Na'Allah gefe, ya gaya masa gaskiya: ruwan ɗan lokaci kaɗan yake ɗaukar jirgi mai nauyi, yashi na cike hanyar kowace shekara, ga kuma hanyar mota ta Tambuwal da ake gyarawa. Ba zai iya cewa a gina a nan ba.

Na'Allah bai musa ba, don ya sha tura jirgi a kan yashin nan. Sai ya ce, "Malam, ba don kaina nika roƙo ba. Ga shi can zaune."

Malam Abdu ya dubi Lauwali, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na gani, Baba. Ka yi haƙuri."

Na'Allah ya kasa faɗa wa ƙanensa. Kullum sai ya ce ana jiran amsa daga Sakkwato. Da kaka ta zo, manoma suka kora jakunansu Tambuwal wurin motoci, Lauwali ya kira shi.

"Yaya, bar wahal da kanka. Tun ranar da malamin nan ya dube ni na sani."

Daga nan Lauwali ya daina yarda a fito da shi waje. Abinci ma sai da lallashi. Kafin damina ta zagayo ya rasu.

Na'Allah ya sayar da jiragen, ya koma noman albasa a fadama. Ya riƙe 'ya'yan Lauwali tare da nasa har ya aurar da su. Ya tsufa ƙwarai, ana girmama shi, ana kawo masa sulhu. Sai dai iyalinsa sun ce tun daga lokacin, in za shi gona yakan zagaya ta bayan gari don kada ya bi ta wajen matakan nan, ko da hanyar ta fi nisa.