Iya Jiƙa da Hodar Masana'anta

Kullum da hantsi Iya Jiƙa tana zaune bakin taga, hannu ɗaya a ƙirji, tana bin ƙurar da ke yawo cikin hasken rana da ido, kamar mai neman wadda ta sani a ciki. Daga gadonta zuwa tagar nan taku tara ne, kuma sai ta huta sau biyu.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wanke rigunan ma'aikata a masana'antar silin inda babana ya yi aiki. Da wani ma'adini mai suna asbestos ake haɗa silin ɗin. "Hoda" suke kiran ƙurarsa, don tana mayar da ƙato fari sol, su yi ta tsokanar juna wai an sha kwalliya. Ba wanda ya gaya musu cewa huhu take shiga ta kwanta, sai bayan shekara ashirin ta farka.

Ita ma ba boko ta yi ba, lura ce kawai. Duk ranar da ta kakkaɓe riga a bushe, wuni take tana tari. Sai ta kafa doka: a jiƙa kafin a taɓa, kuma rigar aiki ba ta ƙetare ƙofa. Daga nan sunan Iya Jiƙa ya bi ta.

Babana ya sha ba mu labarin ranar da ya so sulalewa gida da rigar aikinsa a jiki.

"Malam, tuɓe," in ji ta, ta tare ƙofa da bokiti.

"Haba Iya, sauri nake, jaririyata na jirana."

"Ai don ita nake faɗa. Da wannan za ka rungume ta? Tuɓe, ko in jiƙa ku tare!"

Ni ce jaririyar.

Bara waccan tari ya tafi da babana. Likita ya ce a duba ƙirjin iyalinsa, don hodar kan bi riga har gida, ni da mamana muka je. Hoton ƙirjinmu ya fito tas. Naki kuwa, Iya, an ce tabo ya cinye rabin huhu.

Ke ce kika tsaya tsakaninmu da hodar nan da bokiti ɗaya. Mun gode, Allah ya sassauta miki. Ku da ke aiki cikin ƙura, ku yi koyi da Iya, ku bar ƙurar a bakin ƙofa.

Ranar da na je yi mata godiya kuka ya ci ƙarfina. Ta yi dariyar da ta ƙare da tari, ta ce, "Bar kukan nan, 'yata. Ja numfashi in ji."

Na ja iska har ƙasan ciki. Ta lumshe ido, kamar ita ta ja.